Kacici-kacicin Daren Juma'a

Zuwa ga aminiyata,

Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Maraɗi. Yaya sanyi, yaya ɗawainiya? Mu ma nan Katsina lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Surukata Hajiya na gaishe ki da kyau, ta ce kilishin da kika aiko ya iso, Allah ya yi albarka. Takwararki kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe za ki zo.

Ranar da muka yi waya kin ji hayaniya a bayana har kika ce ko suna ake yi a gidan. Na ce miki zan ba ki labari a rubuce, don abin ya fi ƙarfin kuɗin waya. To ga shi. Wasan kacici-kacici ne muka ƙirƙiro a gidanmu, mai tambaya da amsa da maki, duk ranar Juma'a bayan sallar isha'i. So nake ke ma ki fara shi a gidanki, shi ya sa zan zayyana miki komai.

Daga wayar yaran nan abin ya samo asali. Akwai wani wasa da suke yi a cikinta, a jefo tambaya da amsoshi huɗu, agogo na gudu, wanda ya fi saurin taɓa amsar da ke daidai ya fi samun maki. Na zauna na kalle su. Tambayoyin duk da Turanci ne, yawanci kuma a kan jihohin Amurka da mawaƙansu da finafinansu, kowane yaro ya duƙufa shi kaɗai, ba mai yi wa wani magana. Wannan bai yi mini ba. Amma na lura da wani abu: duk tambayar da yaro ya faɗi a kanta ya rasa maki, ba ya ƙara mance amsarta. Abin da nake fama da shi a aji wata da watanni, rashin maki biyu ya dasa shi a dare ɗaya. Sai na ce to, bari mu sauko da abin nan kan tabarma, da harshenmu, da tambayoyinmu.

Ga yadda muke yi. Mukan rabu gida biyu, kuma ba a barin manya su taru a gefe ɗaya. Kowane ɓangare da babba, da ɗan sakandare, da ɗan firamare. Ni ce mai tambaya. Auta ce mai rubuta maki a allo da alli, ba ta kuma yarda kowa ya matso kusa da allon. Nakan rubuta lambobi a 'yan takardu in nannaɗe in zuba a ƙwarya, wanda layi ya zo kansa ya ɗauki ɗaya, in karanta tambayar da ke kan lambar. Daƙiƙa talatin ake ba ɓangare su yi shawara. In sun ci, maki biyu. In sun faɗi, tambaya ta tsallaka wancan gefe, su kuma in sun ci maki ɗaya. Kin ga dai irin wanda muke yi a makaranta ne da muna 'yan mata, lokacin da ake jera tebura a babban ɗakin taro, aji da aji su kara. Wayoyi duk a cikin samira ake zuba su a rufe har a tashi.

Amsoshi huɗu na zaɓi kuwa ban yarda da su ba, sai ga 'yan ƙanana. Ki duba, in an ba mutum zaɓi huɗu, ko bai san komai ba yana iya dacewa sau ɗaya a cikin huɗu, ya kwashi maki da canki-canka. Ni so nake yaro ya tono amsar daga kansa. Maigidana Malam ya kawo shawarar a riƙa zaftare maki ɗaya ga duk wanda ya ba da amsar da ba daidai ba, wai don a rage faɗin duk abin da ya zo baki. Na ƙi. Na san yaran gidana: masu bakin za su ci gaba da magana ko za a zaftare goma, masu kunyar ne za su yi gum, alhali su nake so in ji muryarsu.

Abin da ya raba mu da Malam gardama, Hajiya ce ta kawo shi. Ta ce ai tun kaka da kakanni wanda ya kasa kacici-kacici gari yake bayarwa. Kin tuna? Ana zaune a farin wata a ce ƙulin-ƙulifita, a ce gauta. A ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, a ce tsintsiya. In an yi ta lalube an rasa, sai a ce “mun ba ki gari”, mai tambaya ta ce wane gari, a ce Daura, ta ce ba ta so, a ce Kano, ta karɓa, sannan ta faɗi amsa. To shi muka dawo da shi, muka ɗan ƙara masa gishiri: ɓangaren da ya faɗi zai ba da gari, kuma dole ya faɗi jihar ko ƙasar da garin yake, ba a kuma maimaita garin da aka taɓa bayarwa a daren. Da farko Kano da Kaduna da Makka suke ta bayarwa. Da waɗannan suka ƙare sai ga yara suna binciken taswira da rana don su tanadi garuruwan da za su biya bashi da dare. Yanzu takwararki ta san Kumasi a Gana take, Garwa a Kamaru, Abeche a Chadi, Agadas a wajenku. Ba wanda ya sa ta haddace su.

Kin tuna shirin nan na talabijin da muke kallo, Who Wants to Be a Millionaire, wanda Frank Edoho ke gabatarwa, ya tsare mutum da ido yana tambayarsa ko amsarsa ta ƙarshe ke nan? A Ingila aka fara shi a 1998, Indiya ta ɗauka a 2000 da Amitabh Bachchan a kujerar mai tambaya, ya iso Najeriya a 2004. Tambaya goma sha biyar ce, kowace ta fi ta bayanta tsauri da kuɗi, har zuwa naira miliyan goma a wancan lokacin, wadda Aroma Ufodike ya cinye a 2009. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne damar neman agaji: a cire maka amsa biyu, ko ka tambayi 'yan kallo, ko ka buga wa aboki waya. Wato su kansu masu shirin sun yarda ba wanda ya tattara sani shi kaɗai. Mu ma mun ari wannan. Kowane ɓangare yana da damar “a tambayi Hajiya” sau ɗaya a dare. Tana zaune a kan dardumarta da carbi, ba ta cikin kowane gefe, amma ki ga yadda jikoki ke lallaɓa ta tun da la'asar, wannan ya kawo mata ruwan alwala, wancan ya ɓare mata goro.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau, don nan ne gaba ɗaya abin yake. Wanda ya zaɓi tambayoyi shi ya zaɓi wanda zai ci. In duk tambayoyin daga littafin makarantar boko suka fito, an gama wasa tun ba a fara ba: 'yan sakandare za su kwashe maki, sauran su zama 'yan kallo, mako biyu kowa ya watse. Akwai wani wasan tambayoyi na kwali da ake kira Trivial Pursuit, wanda wasu 'yan jarida biyu suka ƙago a birnin Mantiriyal na Kanada a 1979. Sun kasa tambayoyinsu fanni shida, kuma ba ka cin wasan sai ka amsa a kowane fanni, komai ƙwarewarka a guda ɗaya. Wannan dabarar ta yi mini. Namu ma shida ne: addini, tarihi, labarin ƙasa, kimiyya da lissafi, wasanni, sai na shidan da muka sa wa suna “na gida”. Na ƙarshen nan shi ya canza zaman.

Kin san yarinyar da ke taya ni aiki, wadda aka kawo daga ƙauye, ba ta yi boko ba sai allo. Da muka fara, a bakin ƙofar kicin take rakuɓewa tana kallo. Na sa ta a ɓangare ɗaya, ba su ma so ba, suna ganin an haɗa su da kaya. Sai aka ɗauko lambar “na gida”: da 'ya'yan wace bishiya ake yin daddawa, kuma me ake kiransu? 'Yan sakandare suka kalli juna. Ita kuwa a hankali ta ce kalwa, 'ya'yan ɗorawa. Maki biyu. Aka zo kan abin da majema ke jeme fata da shi, ta ce bagaruwa. Man kaɗe daga ina? Kaɗanya. Wane tauraro ne ke fitowa da asuba? Gamzaki. Taurarin nan da ke cure wuri ɗaya fa? Kaza da 'ya'yanta. A daren nan ita ta ciyo wa ɓangarenta wasa. Wallahi ƙawata, da kin ga fuskarta da Auta ke rubuta makin da sai kin yi ƙwalla. Yanzu kafin a raba ɓangare rigima ake a kanta, kowa na so a ba shi ita. Ta kuma roƙi takwararki ta koya mata karatun boko, don tana so ta riƙa karanta tambayar da kanta. Suna yi kullum bayan magariba.

Haka ƙanin Malam, wanda ke koyon kanikanci. In aka zo tarihi shiru yake yi, amma taɓa ƙwallo ki ji. Shekarun da Najeriya ta ci kofin Afirka? Kafin in rufe baki ya ce 1980 da 1994 da 2013. Wa ya fara ci wa Najeriya ƙwallo a gasar kofin duniya? Rashidi Yekini, a ragar Bulgeriya, 1994. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina a 2014 da biyun da ya zura wa Aisilan a 2018 kuwa, sai na tsayar da shi, don so yake ya ba da labarin kowace ɗaya. A fannin kimiyya ma na fara sako masa abin da ya shafi sana'arsa, irin aikin lagireto da abin da ke sa batir ya mutu, sai ga shi yana yi wa masu karatun kimiyya bayani.

Tambayoyin Hajiya su ne suka fi ba kowa wuya, don yanzu ita ke ba ni na fannin “na gida” da yawa. Kwabo nawa ne a sule? Goma sha biyu. Sule nawa ne a fam? Ashirin. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, fataka sule biyu. Ita ta yi cefane da su kafin naira ta shigo a 1973, yaran kuwa sai a karin magana suke jin sunayensu. Ta tambaye su wane wata ne watan cika-ciki, wane ne na azumin tsofaffi. Sun san Muharram, sun san Rajab, amma ba su taɓa haɗa su da waɗannan sunaye ba. Ta tambaye su me ake kiran namijin da aka haifa bayan mata, suka rasa, ga kuwa Tanko a maƙwabtanmu suna gaishe shi kullum. Gambo mai bin tagwaye, Kande macen da ta biyo maza, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar uba. Daga tambaya ɗaya sai hira ta ɓarke, ta shiga ba su labarin wane da wance a dangi da dalilin sunansu, ni kuma in ajiye agogo in ƙyale ta. Abubuwan da ta faɗa a zaman nan, wasu ko Malam da ta haifa bai taɓa ji ba.

Akwai fannin da na fi so ni kaina, na abin da ke hannunmu kullum amma ba mu kallo. Gwada wannan a gidanki da kuɗinku na sefa ki gani. Na tambaye su hoton wa ke jikin naira ɗari biyu, kowa ya ce Sardauna. Naira biyar, Tafawa Ɓalewa. Naira ashirin, Murtala. To wace mata ce a bayan naira ashirin ɗin, tana ginin tukunya? Tsit. Ladi Kwali ce, gwanar ginin tukwane daga yankin Abuja. Mutum biyun da ke jikin naira dubu fa? Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Washegari na tarar da yaran sun baje canjin cefane a tabarma suna jujjuya shi.

Sai dai ki shirya wa gardama, don za a yi ta, kuma mafi zafinta a kan amsoshin da zamani ya sauya ne. An tambayi ƙasar da ta fi kowace girma a Afirka, Malam ya ce Sudan da ƙarfinsa, ɗan farin nan ya ce Aljeriya. Kowannensu da hujjarsa: haka aka koya wa Malam, kuma gaskiya ne a lokacin, amma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 Aljeriya ce kan gaba. Haka duniyoyin da ke kewaya rana: mu tara aka koya mana, amma a 2006 masana taurari suka cire Fuluto daga sahun, suka koma takwas. Ƙasar da ta fi yawan jama'a, mun tashi da sanin Sin ce, a 2023 Indiya ta wuce ta. Ko taken ƙasa ma ya canza, naku a 2023, namu a 2024. A kan maganar Sudan ɗin dai, Malam ya karɓi hukunci, ya ba da gari, ya ce ya ba su Kusada. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don yaran sun ga ubansu ya karɓi gyara daga ɗansa a gaban kowa ba tare da ya ɓata rai ba. Na daɗe ina neman hanyar koya musu wannan da baki ban samu ba.

Saboda haka kada ki yi tambayar da ba ki tabbatar da amsarta ba. Ni sai na duba wuri biyu kafin in rubuta, musamman abin da aka turo a WhatsApp, don ƙarya ta yi yawa a can. A fannin addini kuwa na fi taka-tsantsan. Ina tsayawa ne a kan abin da ba saɓani: surorin Alƙur'ani 114, izu 60, surar da ba a buɗe ta da Bisimilla ba Tauba, wadda Bisimilla ta zo a cikinta sau biyu Namli. Mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta ba ta shiga ƙwaryata, don ba abin sa wa maki ba ce. Ki kuma guji tambaya mai baki biyu. In kin ce a kawo Hausa Bakwai, ki riƙe jerinki tun kafin a fara: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, ki kuma yanke tun farko ko wanda ya kawo shida zai samu rabin maki. Mu muna bayarwa.

In aka yi kunnen doki, tambayar raba gardama ta lamba ce, wanda ya fi kusa ya ci. Misali ƙananan hukumomi nawa ne a Najeriya: 774. Ko tsayin dutsen Kilimanjaro: mita 5,895. Kowane gefe ya rubuta nasa a takarda a buɗe tare.

Kyauta ba ma sa kuɗi, ko kusa, kada abin ya ɗauki kamannin caca. Ɓangaren da ya ci shi ke zaɓar abin da za a dafa ranar Asabar, wanda ya faɗi kuma shi ke wanke-wanke, maza da mata. Ɗanwake da ƙwai ne ke yawan cin zaɓe.

To ga buƙatata. Yaranmu sun san Faransa da Ingila ta hanyar ƙwallo, amma Nijar da ke nan bayan Jibiya, inda rabin danginmu suke, ba su san komai a kanta ba. Na gwada su da ranar samun 'yancin kanku, 3 ga Agusta 1960, ba wanda ya sani. Shugaban farko, Diori Hamani, shiru. Da na ce musu Damagaram ce babban birni kafin a mayar da shi Yamai a 1926, sai suka ɗauka wasa nake. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899 kuwa, takwararki ta hana ni barci sai da na maimaita mata shi. Abin da na sani kaɗan ne, ke ce a ciki. Don Allah ki zauna da maigida da yaran ku rubuto mini tambayoyi kamar talatin da amsoshinsu: jihohinku takwas, kokawar takobi da gwanayenta, raƙuman dawan Kure, sarakunan Katsinar Maraɗi da na Gobir a Tsibiri, kasuwanni da ranakun cinsu, har da abincin da ku kuke yi mu ba ma yi. Kada ki manta da na wajen surukarki, don na san tana da irin na Hajiya. Ni ma zan haɗo miki talatin na nan, in ba direban da ya kawo kilishi.

Ku fara ranar Juma'ar nan ko da mutum shida ne, ki kuma tabbata kin sa duk wanda ke kwana a gidan, har mai aiki da almajirin da ke yi muku aike. In Allah ya kai mu ƙaramar salla kuka zo, gidanki da gidana za su kara, Hajiya ce alƙaliya, ta riga ta amsa. Ki gaya wa yaranki su fara tanadin garuruwa.

Ki gaishe mini da maigida da surukarki da yara duka. Malam yana gaida mutumin nasa. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Aminiyarki